Lokotoron da na ƙago wa Baba

Assalamu alaikum mai kula da shafi da masu karatu. A sakaya sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Babana direba ne a Kossodo. Bara babban yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi jawur, ko zanen rufa ya taɓa shi sai ya cije leɓe. Mai ɗori ya ce targaɗe ne, ya murza ya ɗaure, wasu suka ce sanyin ƙashi ne. Wata uku Baba yana salla a zaune. Na shiga siber, shagon intanet, a Dapoya na rubuta alamomin a inji da Faransanci, sai ga sunan ciwon: gut, wato ɗigo. Na daɗe ina tunanin wani abu yana ɗiga cikin gaɓarsa a hankali, ba mai ji. Shafin ya ce a rage nama da kayan ciki, a yawaita shan ruwa. Da na faɗa wa Baba dariya ya yi: "Ke da inji za ku raba ni da hanta?" Sai na koma na buga shafin, na yanke adireshin da almakashi, na ce wani lokotoro ne, babban likita a Faransa, ya rubuto masa. Hannu biyu ya sa ya karɓa.

Na yi wa mahaifina ƙarya, kunyar tana nan. Amma kumburin ya sace, ya koma mota, goshinsa ya koma ƙasa. Da daga bakina ya ji, zai bi? Ban yi nadama ba, kada ma wani ya nema a wurina.

Sai dai takardar ta kuɓuce mini. Baba ya ara wa amininsa, Alhaji maƙwabcinmu, da gwiwarsa ta kumbura. Yau kwana biyar, ga zazzaɓi, gwiwar zafi rau. Na koma siber: wani shafi ya ce gut ne, wani ya ce ƙwayar cuta ce da kan cinye gaɓa cikin kwanaki. Inji bai taɓa gwiwar ba, ni kuwa 'yar lakwal ce, ɗaliba kawai. Na roƙi Alhaji ya je asibiti, ya dafa aljihunsa inda takardar take ya ce, "'Yata, wa ya fi lokotoron Faransa a garin nan?"

In na faɗi gaskiya, Baba zai sha kunya a ƙofar masallaci inda ya yi ta nuna takardar, kuma ba lalle Alhaji ya saurari maƙaryaciya ba. In lokotoron ya sake rubutowa ya ce a tafi asibiti, gobe za a tafi. Na riga na buga wasiƙar, tana cikin jakata. Me zan yi?