Ki Zaɓi Mafi Ƙanƙanta

Zuwa ga Ma'u ɗiyar Goggo, taubashiyata, farar shinkafar fadama, sanyin gulbi da tsakar rana, bayan gaisuwa mai cika kwale-kwale har shi nutse!

Da ajami na rubuto, don bokonku bai iya ɗaukar abin da ke cikina. Ke Ma'u, kin tuna ranar da Goggo ta aiko ni da busasshen kifi daga Argungu har kwalejinku ta Birnin Kebbi? Kinka ja ni ɗakin sanyin nan da anka sa ni tuɓe takalmi awa masallaci, kinka zaunar da ni gaban kwamfuta, wai in yi ta danna lambobi, ita za ta hiddo mafi ƙanƙanta, don aikin da malaminku ya ba ki ke nan. Na danna bakwai, na danna arba'in, na danna uku. Ta ce sifili! Na sake, ta ce sifili! Na yi dariya har na sulalo daga kujera, kinka mintsine ni, kuma wallahi har yau ina lallaɓa wurin kada shi warke.

Daga baya kinka gano laifin naki ne: tun farko sifili kinka damƙa mata, kowa ya zo ta auna shi da shi, ta ƙi saki. Wayyo Ma'u! Ashe ba haka kinka yi mani ba? Tun muna ƙanana, ina zuba maki kwaɗi cikin tulu, kinka damƙa wa zuciyata sunanki. 'Yan matan Gulma su wuce, na Badariya su wuce, a tambaye ta, ta ce Ma'u! Waccan kwamfutar kin gyara ta. Tawa, don Allah, ki bar ta da lalacewarta.

To ga maganar da ta hana ni cin tuwo. Na ji Goggo za ta tambaye ki ran Assabar wa kike so. Ga Malam Abdussamadu mai babur, dogo awa giginya. Ga Labbo mai gonar albasa, wanda rawaninsa kaɗai ya yi ni biyu. Ga ni, da keken da birkinsa ƙafata ce.

Mi kinka tahi koyo in ba wanga ba? Ki jera mu, ki riƙe na farko, in wanda ya fi shi ƙanƙanta ya zo ki sake shi, awa yadda kinka koya wa injin. Ni dai na san inda lissafin zai tsaya! In kuwa wani gajere ya ɓullo daga baya ya fi ni, ki dakata kaɗan, durƙusawa zan yi.

Naki har gulbin Rima shi koma gudu baya,
Hodi, ƙaraminsu duka.