Mun Haddace Turanci, Ba Mu Iya Shi Ba

Zuwa ga mai girma shugaban da ke kula da makarantunmu na elementare,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi da fatan kana lafiya, ranka ya daɗe, ni malamin aji huɗu ne a Kalgo. Da gangan na rubuto da Hausa, don in na ce zan yi da Turanci, a jimlar farko za ka kama ni, yadda masu jarrabawar malamai suka kama ni har sau biyu.

Na farko, yadda aka koyar da mu. Malaminmu a Gwandu, Allah ya jiƙansa, da karatun allo ya tashi, kamar mu duka. Da aka zo kan aikatau na Turanci, sai ya jera su uku-uku, ya ja mana baƙi muna amsawa da murya ɗaya, go, went, gone, har da rangaji. Wanda ya yi tuntuɓe ya sha bulala. Yau ko daga barci aka tashe ni, zan kawo su daga farko har ƙarshe. Amma ba a taɓa nuna mana wanne ake ɗauka in abu ya wuce tun jiya ba, ko wanne in ana cikin yinsa. Da na tambaya, cewa ya yi in haddace tukuna, ma'ana tana tafe. Ga ni yau da iyali, ina nan ina jiranta.

Na biyu, jarrabawa ba ruwanta da hadda. Jimla ake ba ka da gurbi, a ce ka cike. Sai in rera ukun nan a zuci, in ɗauki wanda ya fi daɗi a kunne. An sanar da ni cewa wanda ya faɗi karo na uku zai ajiye alli, kuma bayan kaka za a yi ta.

Na uku, shi ne ya fi ƙona mini rai. Bara malamin ziyara ya zo, tun daga bakin ƙofa ya ji ajina yana rerawa, ya yaba, ya hau kekensa. Bai sa ko yaro ɗaya ya haɗa jimla ba. A shekarar nan Hamidu, wanda ya fi kowa hadda a ajin, ya kasa shiga makarantar Midil. Ubansa makiyayi ne daga Diggi. Ya tare ni ran kasuwa, ya ce ɗa ya ba ni in mayar da shi malami, na dawo masa da mawaƙi. Gaskiyarsa ce kuwa.

Roƙona, a turo mana wanda ya iya, ya zauna da mu lokacin hutu, mu riƙa haɗa jimla yana gyarawa. Don Allah kada a ƙaro mana wani jerin, wanda ke kanmu ya ishe mu.

Ban sa rai ba, ranka ya daɗe. Aikina kam na san ya tafi. Gobe da safe zan ɗauki alli in jera musu uku-uku, don iyakar abin da nake da shi ke nan. Wanda ake cewa zai gaje ni kuwa, benci ɗaya muka zauna da shi a Gwandu.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora, ya sa ka dube mu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malamin aji huɗu, Kalgo