Kwamfuta ta ƙara wa Yayana shekarar da bai kai ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni ba mai iya magana a gaban mutane ba ce, shi ya sa na rubuto.

Ina aji biyar a sakandare, gidanmu yana Ƙofar Gayan. Ummanmu tana da islamiyya a zauren gida, kuma Yayana, wanda ya karanci kwamfuta, shi ya rubuta mata 'yar manhaja da ake sa ranar haihuwar yaro ta faɗi shekarunsa da ajin da ya dace da shi. A ƙarƙashin kowane sashe yakan rubuta bayani da Hausa, sannan ya sa misali da amsar da ya kamata ta fito. Akwai wata manhajar gwaji da take bin bayanan nan tana tsamo misalan, ta gwada su ɗaya bayan ɗaya, in amsa ta saɓa da abin da aka rubuta sai ta ce an faɗi.

Misalan da mu ya yi su, ni da Umma da shi kansa. Don haka duk wanda ranar haihuwarsa ta zagayo sai gwajin ya faɗi, tunda shekara ta ƙaru. Ya san ba haka ake yi ba, da gangan ya bari. Sai ya fito tsakar gida da kwamfutar a hannu yana cewa, "Hajiya Umma, an ce kin ƙara tsufa!" Ita kuma ta ce ya ɓace mata da gani kafin ta jefe shi da ludayi. Sannan ya zauna ya gyara lambar, ni ina leƙe ta bayan kafaɗarsa. A haka na koya.

Allah Ya yi masa rasuwa bara, bayan gajeriyar jinya. Kwamfutar ta dawo hannuna, har yanzu harafin A a goge yake saboda yawan taɓawarsa. Makon jiya na kunna gwajin, ashe ranar haihuwarsa ta zagayo, sai misalinsa ya faɗi. An sa ran ashirin da huɗu, manhajar ta ba da ashirin da biyar. Na daɗe ina kallon wurin, ban gaya wa kowa ba.

Yanzu Umma za ta ƙara aji, dole a taɓa manhajar. Abokinsa Yaya Kamal shi ke taimaka mana, ya ce ba ya ɗora sabon aiki a kan gwajin da ke faɗuwa, ko in gyara lambar ko in goge misalin. Na ce ba zan iya ba. Ya ce ƙuruciya ke damuna, aikin yara ne zai tsaya a kan layi biyu. Na yi kuka, shi ma muryarsa ta canza, ya ce shi ya ɗauki makarar, kada in zaci ni kaɗai na yi rashi. Daga baya ya turo saƙo cewa zai iya tsayar da kwanan watan misalin a bara, amsar ta zauna ashirin da huɗu har abada.

Na san hakan ya fi daidai, amma in an yi, gwajin ba zai sake tsayawa a kan sunansa ba, zai wuce shi shiru. In na rubuta ashirin da biyar na ba shi shekarar da Allah bai ba shi ba. Gogewa kuwa hannuna ya ƙi. Umma ba ta san komai ba, jira kawai take a ce an gama, kuma ranar Asabar iyaye za su kawo yara.

'Yan uwa, in bar Yaya Kamal ya tsayar da ranar, ko in kai wa Umma kwamfutar ta gani da idonta, alhali sai kwanan nan ta fara iya ambaton sunansa? Wanne zan yi? Ku sa shi a addu'a.