Watan da Habi ta Kwantar

Gazawa, 6 ga Sha'aban

Zuwa ga yayana Maharazu, a Gidan Rumji.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Mariyama da yara. Ni ma jiki lafiya, zuciya ce sai a hankali.

Direban motar gyaɗa ya kawo mini saƙonka, cewa in faɗa maka ranar fitar takabata ka zo ka ɗauke ni. Inna Tala, gwaggon marigayi, ita ke riƙe da kwanakin. Ta ce ashirin da huɗu ga watan Azumi. Ni ba na ƙirgawa, Yaya. Tun ranar sha huɗu ga wata da maigidana Sanda ya rasu ban ɗaga kai na dubi wata ba. In na fito alwalar magariba, ƙasa nake kallo.

Ka san shi da wata. Da aka koma lakol, makarantar bokon da yake koyarwa, bayan damina, ya ja wa kowane ɗa gidaje talatin a kaye, wato littafin rubutu, kowace rana da gidanta, ya ce kullum su zana watan yadda idonsu ya gan shi. Sun cika sha uku zazzaɓi ya ɗauke shi. Kayen suna nan cikin akwatinsa, guda ashirin da shida, tare da ɗan duman nan da ya shafa wa farar ƙasa ya soke a kara, wanda kake cewa ƙanensa ne tunda duk sanƙo gare su. Ban buɗe akwatin ba.

An kawo sabon mushe, wato malamin lakol, daga Yamai, sunansa Harouna, bai wuce shekara ashirin da biyu ba. Zana kaɗai ke tsakaninmu da aji, ina jin komai. Ran Litinin ya ce su zana jinjirin wata. Habi ɗiyar Nomau ta zana shi a kwance, ƙahoni sama, yadda ta gan shi. Ya ce ba haka yake a littafi ba, a miƙe yake. Na ji muryarta: "Mushe, namu a kwance yake. Ko tunkiyarmu ta gan shi." Aji ya ɗauki dariya. Sai na ji ƙarar regil, katakon jan layi, a yatsunta, sau biyar.

Da la'asar Nomau ya zo zaure ya ce wa Inna Tala: "Na ba Mushe Sanda ɗiyata ya ƙara mata ido, ban ba da ita a tsone wanda take da shi ba." Tun ranar Habi ba ta koma ba. Iyayen sauran 'yan matan biyar kuwa Nomau suke kallo, inda ya taka nan za su taka. Shekara uku marigayi ya yi yana zama a zaurukan mutanen nan kafin su saki 'yan mata shida. Ga ni a ɗaure cikin gida ina jin aikinsa yana kwancewa ta bayan zana.

Ka gaida mini kowa da sunansa.

Ƙanwarka, Batulu.

*

Gidan Rumji, 11 ga Sha'aban

Batulu 'yar lakol,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau. Takardarki ta iso. Mariyama ta sa na karanta mata sau biyu, ta yi kuka. Ni kuwa hayaƙin murhu ne ya shiga mani ido.

Ashe Turawa sun sauke tutarsu tun cikin damina, sunka manta da watansu cikin littafi! To ki ji. Takaba ƙafa ta hana fita, ba ta hana hannu ba. Baba ya sha zagi da ya bari anka kai ki lakol shekara ukku, mijinki ya ƙarasa maki sauran. Ki rubuta ma yaron. Kada ki yi mashi irin faɗan da kike yi mani, ba kowa ke da ƙashina ba.

Amma kada ki manta da maganata. Ba ki da ɗa Gazawa. Ɗakinki na nan, an yi mashi sabon daɓe, Mariyama ta hana yara ko leƙa shi. Kuma an gaya mani ba ki cin abinci. In na zo na iske kin koma awa karan duman nan, ni da Inna Tala ne.

Allah ya jiƙan Sanda, ya ba ki haƙuri.

Wanki, Maharazu.

*

Gazawa, 15 ga Sha'aban

Zuwa ga Mushe Harouna.

Assalamu alaikum, Mushe. Sannu da baƙunta, sannu da fama da yara. Ni ce matar wanda ka gada, a gidan da ke bayan ajinka. Ina takaba, shi ya sa takarda ta zo maimakon ni.

Yau na buɗe akwatinsa na ciro kayen yaran, ga su nan Inna Tala ta kawo maka. Ka duba gidajen farko. Ɗiya ashirin da shida, gida daban-daban, babu wanda ya kwafi na wani, kuma duk a kishingiɗe suka zana shi.

Ban ce littafinka ƙarya ya yi ba. Maigidana ya taɓa gaya mini cewa a ƙasar da aka buga shi haka suke ganin watan, don su can arewa suke da nisa. Wata ɗaya ne, inda mutum yake kallonsa ne ya bambanta. Iyakar abin da na riƙe ke nan, karatuna bai yi zurfi ba.

Habi ba marar kunya ba ce, bakinta ne ke rigan ta. Ranar da aka kawo ta lakol a ƙarƙashin gadona ta ɓuya, da ƙyar na lallashe ta da ɗan wake. In ta zauna gida, sauran ma za su zauna.

Alfarma ɗaya nake roƙo. Ranar da za a nemi watan Azumi, mutane kan taru a tudun bayan kasuwa bayan faɗuwar rana. Ka je ka tsaya tare da yaran. In ka gan shi a miƙe, ba zan sake damun ka ba.

Allah ya taimake ka.

Batulu.

*

Gazawa, 4 ga Fabrairu 1961

Madan,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma yi miki ta'aziyya. Na karɓi takardarki da kayen.

Na ga jan tawadar marigayi Mushe Sanda a ƙarƙashin kowane zane, kuma ba ni da bakin cewa ya yi kuskure. Sai dai ranar jarrabawa ba sama za a duba ba, littafi za a duba, masana ne kuma suka rubuta shi. In yaran suka faɗi, ni za a tambaya. Wannan ne ajina na farko, Madan. In yarinya ta sa aka yi mini dariya na ƙyale, gobe babu mai saurare na.

Ina sanar da ke cewa 'yan mata biyu kaɗai suka rage a aji.

Zan je tudun saboda girmanki.

Harouna, mushen lakol.

*

Gazawa, 1 ga watan Azumi

Madan,

Barka da shan ruwa tun kafin lokaci. Ban iya jira ba.

Na je. Rabin gari na can, Nomau a gaba, Habi riƙe da gefen rigarsa. Ita ta fara hango shi: "Ga shi can, saman gawo!" Na bi yatsarta. A kwance yake ɗaiɗai, kamar ƙwaryar da aka ajiye a ƙasa. Ina ɗan shekara sha biyu aka kai ni makarantar kwana, tun daga nan a shafi na san wata. Ban san yaushe na daina ɗaga kai ba.

Nomau ya ce, "Mushe, ko a samo maka gora ka tayar da shi?" Aka yi dariya, ni ma na yi, ko da yake kunnuwana zafi suke. Na durƙusa gaban kowa na ce wa Habi ita ke da gaskiya, ta yafe mini. Ta ce, "Na yafe uku, saura biyu." Ubanta ya make mata ƙeya.

Nomau ya ce zai maido ta in za a gama aikin da Mushe Sanda ya fara, in ba a gama ba kafin Salla ya janye ta har abada. Na maida wa yaran kayensu, za su ɗora daga gida na sha huɗu. Amma sun ce ya yi musu alkawarin nuna musu da wani farin duma abin da ke sa wata ya ragu. Wannan babu shi a littafina. Ki aiko mini da shi, ki rubuta yadda ake yi.

Ɗanki, Harouna.

*

Gazawa, 26 ga watan Azumi

Yaya,

Assalamu alaikum. Barkanku da azumi. Shekaranjiya na fita takaba, an yi wanka, an raba masa.

Na faɗa maka Mushe ya nemi duman. Kwana ashirin da uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Kaye na iya bayarwa, duman na kasa. Har yanzu da shatin babban yatsansa a jikin farar ƙasar. Kuma ta yaya zan rubuta yadda ake nuna wata alhali ni kaina na ƙi kallonsa?

Jiya da safe na naɗe shi cikin zane na kai da kaina. Ƙafafuna har sun manta hanya, ga ta taku ashirin. Mushe ya fito da yaran fili. Na ce musu yadda na sha ganin marigayi yana yi a tsakar gida: in wata ya fara raguwa yakan yi hantsi a sama, sai ka miƙa duman saitinsa da hannu ɗaya, rana za ta haska duman daidai yadda ta haska watan. Na miƙa, idona a ƙasa. Yaran suka yi ta ihu, "Iri ɗaya! Iri ɗaya!" Sai Habi ta ce mini, "Inna, ke ce ba ki duba ba. Kin karkace, kurnar liman kike nunawa."

Na duba, Yaya. Yana can, fari kamar ɓallin auduga, bai kai rabi ba. A cike na bar shi ranar da aka fita da gawa. Ban faɗi ba. Habi ta zo ta kama karan tare da ni.

Muka juya sannu-sannu wajen gabas, hasken duman yana ta ƙanƙancewa, har muka sa shi tsakaninmu da rana ya koma inuwa gaba ɗaya. Habi ta ce, "To gida na ƙarshe mi za mu zana, tunda ya ɓace?" Mushe ya dube ni. Na ce ta shafa duman. Ta shafa. Na ce, ya ɓace? Ta ce a'a. Na ce ta zagaya bayansa ta gani. Ta zagaya, ta ce, "Kai! Hasken duk yana nan ta wannan gefe."

Mushe ya sa kowane ɗa ya riƙe da hannunsa, shi ma ya riƙe. Na ƙirga 'yan matan da ke layi. Shida ne.

Ka ƙara mini kwana biyar. Ina so in ga gidajen sun cika. Ina cin abinci, tambayi Inna Tala.

Ƙanwarka, Batulu.

*

Gazawa, 2 ga watan Salla

Yaya,

Barka da Salla. Na ga jinjirin watan da idona, a kwance.

Gidaje talatin sun cika. Nomau ya juya kayen Habi shafi-shafi a zaure, ya ce ta ci gaba. Duman na bar shi a aji, Mushe ya kafa masa ƙusa kusa da allo.

Ka zo ka ɗauke ni ran Laraba. Kaya kaɗan ne, da kaye guda da Habi ta ce in tafi da shi in maido bayan damina. A gida na ƙarshe ta zagaya da'ira ta cike ta da gawayi. A ƙarƙashi ta rubuta: yana nan.

Sai ka zo. A gaida Mariyama.

Batulu.