Aikin Gidan da Malama Rahama Ta Bayar

Unguwar Kilomita Biyar, birnin Bangi
Litinin

Zuwa ga Malama Rahama, mai koyar da tarihi a kolejin Yakite.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da allinki.

Mai rubuto miki shi ne Alhaji Uwaisu, mai manyan motoci bakwai a hanyar Duwala, wanda ya je Makka sau huɗu, na biyar jirgi ne ya yi gardama. In ba ki san ni ba laifinki ne, don ko tumakin kasuwa sun san tarina.

Labari ya iso mini cewa kin ajiye tarihin sarakuna, kin ɗauko wa yara 'yan shekara goma sha biyu littafin kisan ƙare-dangin Ruwanda kina karanta musu. Wannan ban ce komai ba, Ruwanda da nisa. Amma an ce kin ba su aikin gida, wai kowa ya tambayo sunan mutum ɗaya da gidansu ya rasa a rikicin 2014, ya rubuto kafin Juma'a. 'Yata, wannan aikin gida ne ko tonon kabari? Yara sun shigo wa iyayensu da biro da takarda kamar jandarmomi. Na san gidan da tun ranar ba a ci tuwo da daɗi ba.

Saboda haka ki janye shi. Ki sa su zana taswira, ko su auna tsawon kogin Ubangi, shi dai bai taɓa sa uwar kowa kuka ba.

Ki ba yaron da ya kawo wannan a babur amsa. Yaro ne mai hankali, kyakkyawa kuma, in akwai ruwan sanyi a ba shi.

Ga hatimina nan a ƙasa, ki duba girmansa. Na bar ki lafiya.

Alhaji Uwaisu

*

Yakite
Talata

Zuwa ga Alhaji Uwaisu.

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara girma, ya tsare motoci a hanya. Na tambayi dattawa uku a bakin masallacin Kuduku, babu wanda ya san ka, amma na ɗora abin a kan ƙarancin saninsu.

Alhaji, yara arba'in da shida gare ni a aji ɗaya. Rabi namu ne na Kilomita Biyar, rabi 'ya'yan Kiristoci ne daga ƙetaren gada. Lokacin da abin ya faru duk a goye suke. Ba su san komai ba, amma sun haddace zagin. A watan jiya ina gyaran takardu na ji wani ya kira ɗan'uwansa da wani suna, wanda rabona da jin sa tun daga bakin masu adduna a lokacin rikicin. Da mai kiran da wanda aka kira duk dariya suke yi. Abin da ya sa na ɗauko littafin ke nan. Matar da ta rubuta shi ta tsira ita kaɗai a danginta, ta ce kafin adda ta fito, da wasa da baƙin laƙabi aka fara.

Da na gama babi na biyu wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Madam, mu a nan su wa suka yi wa su wa?" Ana haka aka buga ƙararrawa. Washegari na ba su aikin nan. Ban ce su tambayo wa ya kashe ba. Suna na ce, da sana'a. Ina so su ga sunayen can da na nan a allo ɗaya, su ga tela da mai sayar da kifi da direba.

Zancen Ubangi kuwa, ya sa uwata kuka. Ƙanena Haris a cikinsa ya tafi, ranar da mutane suka cika kwalekwale fiye da kima suna gudu zuwa ƙetare. Sunansa zan fara rubutawa ranar Juma'a.

Na gaji, Alhaji, ba ni da ƙarfin jayayya da manya. Ka zo ka zauna a bencin baya ka ji da kunnenka. In ka ga ɓarna, sai ka tsawata mini.

Yaronka ya sha ruwa kofi biyu, ya kuma tambaya ko babu lemo. Ka huta lafiya.

Rahama

*

Kilomita Biyar
Laraba

Malama Rahama, sallama da gaisuwa. Allah ya ji ƙan Haris. Zancen kogin nan kuskuren sakatarena ne, na riga na kore shi.

Dattawan da kika tambaya hassada ce ke damun su. Juma'a kuwa ba zan samu zuwa ba, ina da baƙi daga Dubai, kuma bencinku ba zai ɗauki mutum mai cikina ba.

Kin iya magana, 'yata, boko bai cuce ki ba. Amma ke daga gaban allo kike kallon abin. Bari in ba ki misali da wani direbana. A gidansu akwai yarinya da aka gaya wa cewa ubanta ciwo ya yi a Chadi ya rasu a kan gado, da kalmar shahada, da mutane a kansa. Shekara goma sha biyu uwarta na gina wannan katanga, bulo ɗaya bayan ɗaya. Yanzu yarinyar na bin direban nan har wurin wankin mota tana cewa, "Yaya, wane asibiti ne? Wa ya yi masa wanka?" Shi kuma ya san abin da ko uwar ba ta sani ba. Kwana huɗu ke nan a waje yake cin abinci. To wannan a wane babi littafinki ya yi maganarsa?

Wanda ya mutu ya huta. Mu da muka rage ki bar mu mu lallaɓa.

Wannan shi ne gargaɗi na ƙarshe. In ba a janye ba, ranar Juma'a zan tara iyayen yara kaf, in loda su a motocina bakwai, mu tsaya a ƙofar makaranta muna hon har la'asar.

Wassalam.

Alhaji Uwaisu

*

Yakite
Asabar

Alhaji, salamu alaikum. Ina fata baƙin Dubai sun sauka lafiya.

Ka yi nasara, sai ka sallami motocinka. Ina cikin aji yaronka ya zo, ya ajiye wasiƙar a ofis. Direktan makaranta ya ga hatimi ya buɗe. Ba ya jin Hausa, sai ya kira mai gadi ya juya masa da harshen Sango. Abin da ya shiga kunnensa shi ne taron mutane da manyan motoci a ƙofar makaranta. Ban ga laifinsa ba, shi ma ya taɓa ganin taro a ƙofa, ya san yadda yake ƙarewa. Ya kwashe littattafan ya kulle a kabad, ya soke darasin Juma'a. Ya ba ni zuwa Litinin ƙarfe takwas: ko in sa hannu cewa ba zan ƙara taɓa zancen nan a aji ba, ko in ajiye aiki. Ba zan sa hannu ba. Ba jarumta ba ce. Ba zan iya ci gaba da jin sunan nan a filin wasa ina kawar da kai ba, shi ke nan.

Akwai abin da ya kamata ka sani. Ranar Alhamis, kafin a sanar da sokewar, wata ɗalibata Ikram ta kawo nata aikin da wuri, tana murna ta riga kowa. Ta rubuta, "Babana Badaru, tela ne, zazzaɓi ya kashe shi a Injamena." Yaron da ke zaune kusa da ita ya leƙa ya ce, "Wane zazzaɓi? Kowa ya san a bakin gada aka sare shi, kakata ce ma ta rufa masa zane." Ba da mugunta ya faɗa ba, gyara yake yi mata kamar an yi kuskuren lissafi. Ta naɗe takardar ta sa a jaka, ba ta yi kuka ba. Jiya ba ta zo ba.

Da an bar ni, da ranar Juma'a a gabana za a yi maganar nan, in san yadda zan riƙe ta. Ka gaya wa direbanka, abin da aka ɓoye wa yaro a ɗaki, a bakin sa'anninsa zai tsince shi.

Kada ka wahalar da kanka da amsa. Allah ya ba mu alheri.

Rahama

*

Kilomita Biyar
Lahadi

Malama, salamu alaikum. Ki yi haƙuri ki karanta wannan har ƙarshe, gajeriya ce.

Babu Alhaji, babu mota ko ɗaya, babu direba. Hatimin murfin kwalbar lemo ne da tawadar allo. Boko ban yi ba, rubutun nan a waya na koye shi. Ni ne mai babur ɗin da ya sha miki ruwa. Na ɗauka za ki tsorata ki canja aikin, mu yi dariya a tasha, a wuce wurin.

Ina shekara goma lokacin. Tsokana ce sana'ata tun a can. Na ɗauke katin shaidar Baba na ɓoye a aljihun teburin kekensa na ɗinki, a shagonsa na ƙetaren gada, don in ga yana nema yana faɗa. Kwana biyu bayan haka gari ya rikice, aka rufe shago. Da aka ce motocin kwashe mutane za su zo, kuma za a duba takardu a hanya, Baba ya birkice gida yana nema. Tsoron bulala ya sa na yi shiru har safiyar tafiya. Da na faɗa masa bai dake ni ba. Ya ce, "Kai dai ba ka ji," ya sa hularsa, ya ce in riƙe wa Inna jaka, yanzu zai dawo. Da azahar aka kawo shi masallaci.

Inna ba ta san zancen katin ba. Ke ce kika fara ji. Ikram tun Alhamis ba ta yi wa kowa magana ba, ta dai daina tambayata, kuma wannan ya fi tambayar ciwo.

Gobe kafin takwas zan zo wurin direkta da murfin kwalbar, in buga masa hatimin a gabansa ya gani. In jandarma zai kira, ya kira. Ki daure kada ki ajiye aiki kafin in iso. Daga can gida zan wuce in zaunar da su biyun. Ban san ta inda ake farawa ba. In kina da minti biyar bayan mun fito daga ofis, ki koya mini jimlar farko kawai.

Ki yafe mini.

Nasidi ɗan Badaru tela, yayan Ikram