Nomau na Guna Yana Gaishe Ka

Zuwa ga Abba Gana, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji an ƙara maka galo a aikin ɗan sanda. Ban yi maka barka ba, kuma da gangan ne.

Ka san abin da ya kai ni Dakar: in karanci zaman jama'a da dalilin da ke sa mutum ya yi laifi, in dawo in koyar. Tun muna makarantar lakwal a Damagaram kake min dariya, wai ni malamin ɓarayi ne. Malamaina suka ce ba za su karɓi bincikena ba sai na ji daga bakin waɗanda suka sha kaso, wato ɗaurin kurkuku. Shi ya sa a hutun shekarar da za a karɓi mulkin kai nake ta zirga-zirga zuwa ƙauyen Guna.

Tsoho Nomau, manomin gyaɗa, ya daɗe bai yarda da ni ba. Da ya yarda, sai ka ce za ka raka ni ka sha iskar ƙauye. Ka tuɓe kakinka, ka sa riga da hula. Na ce masa kai ɗan'uwana ne.

A ƙwarya ɗaya muka ci tuwon gero mu uku. Har ƙari ka nema, marar kunya. Kana suɗar yatsa yana ba mu labarin ɗansa Illa, wanda ya mari gardin gwamnati saboda gardin ya ja gemun Nomau a gaban jama'a ranar karɓar harajin lanho, aka rufe shi, ya gudu, ya ɓuya a cikin garkunan Mirriya yana ban ruwan lambu.

Kasuwar Mirriya ba ta zagayo ba ka je da mutanenka. Illa yana kaso har yau, kai kana Yamai.

Yanzu in na je Guna ana shimfiɗa min tabarma, a kawo ruwa, a yi ta zancen damina har in gaji in tashi. Ba wanda ya zage ni, kuma wallahi da sun zage ni da ya fi min sauƙi. Binciken ya mutu, na rubuta wa Dakar na faɗa musu haka.

Haushinka nake ji, Abba. Abin da ya fi ci min rai, ina tuna kai ne ka goya ni zuwa likita ranar da na karye a dutsen Birni, kana kuka fiye da ni.

Nomau ya rame, idonsa ya fara mutuwa. Da na yi masa sallama sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gaida min ɗan'uwan nan naka da muka ci tuwo tare." To, na isar.

Allah ya fitar da Illa da ran ubansa. Kai kuma Allah ya tsayar da kai gaban Nomau ranar da babu galo a kafaɗar kowa.

Wanda ya taɓa kiranka ɗan'uwa,
Isuhu