Ranar da Inbata Ta Kashe Kanta

Laraba da dare, Kafur

Alhamdulillahi, yau na sha da ƙyar. Ana tsakar zafin azahar inbatar sola ta yi ƙara, ta kunna jar wuta, ta mutu. Gabana ya faɗi, don allurar ciwon sukarin Baba tana cikin firij, kuma ba ta jure zafi.

Yaya Sani ya ce ta ƙone, zai buɗe ta ya haɗa wayoyin kai tsaye. Na tsaya a gabanta na ce, "Wallahi Yaya, ba za ka taɓa ta ba." Ban taɓa yi masa musu haka ba.

Na kira Emeka na Funtua, wanda ya haɗa mana ita. Ya ce, "Hajiya, ba ƙonewa ta yi ba. Zafi ta ji, ta ɗauke don kada ta ƙone. Duba ko an toshe mata iska."

Ashe buhunan masarar da Yaya ya jibge jiya ne suka rufe fankarta. Shi da kansa ya kwashe su, yana gumi. Da ta huce na kunna, firij ya tashi.

Da magariba na yi wa Baba allurarsa, kwalbar da sanyinta a hannuna.